Baƙar Ƙasar Firisila

Sawun tayar tifa Firisila ta fara gani tun kafin ta ga ɓarnar. Ya ratso ta 'yar hanyar da take bi kullum, ya take shingen ƙayar da ta yi da hannunta, ya gangara can ƙasan lambun wajen bakin ruwa. Ta sauke daron da ke kanta, ta bi sawun da sauri, zani yana harɗe mata ƙafa.

A kusurwar da ta gama cire latas, inda take shirin dasa kabeji, wasu majiya ƙarfi ne suke ta aiki da shebur, ko riga babu duk da sanyin safiyar Jos. Suna kwasar ƙasar lambun suna watsawa a bayan tifa. Inda suka riga suka kwashe ya koma fari fat, kamar an feɗe dabba an bar ta a rana.

"Kai! Kai! Me kuke yi haka? Wa ya aiko ku?"

Direban tifar ya leƙo ta taga, ƙafarsa ɗaya a kan sitiyari. "Madam, sannu. Ba faɗa ba ne. Da Mwadkon ne ya sayar wa ogana. Oga yana shuka ciyawa da fulawa a gidajen manya, nan Rayfield. Ya ce irin wannan baƙin ƙasa babu shi ko'ina sef."

Da Mwadkon yayan mijinta ne, shi ne babba a gidan tun da mahaifinsu ya rasu, shi ya sa ake kiransa Da don girmamawa. Shi kuwa direba gaskiya ya faɗa, babu irin ƙasar, domin ba samunta aka yi a nan ba, yin ta aka yi.

Duk wanda ya san bayan Rayfield ya san filayen da masu haƙar kuza suka bari: farar ƙasa mai tsakuwa wadda ko ciyawa ba ta yarda ta fito a kanta, ga manyan ramuka da ruwa ya cika. Irin wannan fili ne gadon gidan su Dantong, mijin Firisila. Ranar da ta roƙa a bar ta ta noma shi, mazan gidan dariya suka yi har da riƙe ciki, suka ce ta je, in ta ga dama ta shuka har da shinkafa. A lokacin 'yarta Magadaliya tana goye. Yanzu Magadaliya tana sakandare, kuma a tsawon shekarun nan babu bolar da Firisila ba ta tona ba daga Tudun Wada zuwa unguwar Congo-Russia. Ta kwashi tokar bola, ta tankaɗe, ta tsince kwalba da leda da mataccen batir, ta haɗa da kashin kaji da ruɓaɓɓen ganye, ta yi dako a buhu, wani a bas, wani a ka. Kwalba ta yanke ta ba adadi. Da haka farar ƙasa ta yi duhu, ta yi baƙi, ta yi laushi, har tana, tsutsar ƙasa, ta zo ta yi gida a ciki. Zurfinta bai wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba, amma daga cikinta gidan nan yake ci.

Ta shiga gaban shebur ta tsaya. Leburorin suka dakata, suka dubi direba.

"Madam, don Allah matsa," in ji shi. "Mu aiko mu aka yi. Je ki ga mai fili."

Tana tsaye suka kewaye ta suka ci gaba da kwasa ta bayanta, har tifar ta cika ta tafi.

Ta tarar da Dantong a ƙofar gidansu a Tudun Wada, yana goge keken hayarsa mai ƙafa uku, wanda ya fi sanin hanyar bakanike a kan hanyar kasuwa. Yana hango ta ya ƙara sunkuyar da kai, sai ka ce yau ya fara ganin taya.

"Baban Magada, ka san za a kwashe mini ƙasa?"

"Da Mwadkon ya yi maganar, sama-sama."

"Sama-sama. Kai kuma ka ce masa me?"

"Me zan ce? Yayana ne fa. Ki je ki same shi. Amma ki bi a hankali, kar ki ja mini magana."

Da Mwadkon yana zaune a barandarsa da jarida a cinya. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun da ya yi ritaya babu aikin da ya fi masa daɗi kamar yanke hukunci a kan kujerar roba. Firisila ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka saba.

"Matarmu, tashi ki zauna. Na ji an ce kin je kina ihu a gaban baƙi."

"Da, ƙasar da na yi shekara da shekaru ina…"

"Tsaya. Fili ya tafi? Wani ya ɗauke shi a kai ya gudu? Ki koma yanzu, za ki same shi inda babanmu ya bar shi. Ni ba irin yaran nan ba ne masu sayar da gado. Ɗan sama aka kankare, shi ma daga gefe. Kuma don wa? Don Ngo. Ko kina so tsohuwa ta mutu a makance ne, saboda latas?"

Ngo ita ce uwar mijinta. Yanar ido ta rufe mata gani, likita ya ce sai an yi aiki, kuma Firisila ce take jan ta zuwa bayan gida kullum da safe.

"Da an gaya mini, da na sayar da karas ɗina tun yana gona. Da na nemo. Karas zai sake fitowa, Da, amma ƙasa…"

"A gaya miki? A gidan ubana?" Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro idan ya faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinsa. "Ke ai Allah ya ba ki hannu. Duk abin da kika taɓa sai ya yi albarka. Je ki huta."

Abin da ya ɗaure ta shi ne dalilin na gaskiya ne. An yi wa Ngo aiki, aka cire bandeji, tsohuwa ta ga hasken rana ta yi ta kuka tana yabon Ubangiji. Ranar Lahadi aka yi godiya a coci, aka kira Da Mwadkon gaba, aka tafa masa a matsayin ɗa nagari. Firisila ma ta tafa. Wa zai buɗe baki a irin wannan wuri ya ce ƙasarsa?

Da a ce nan abin ya tsaya, da ta haɗiye. Ta ma fara haɗiyewa, ta rage layukan kabeji, ta matse su a inda ya saura. Amma mutumin da ya gano cewa yana da abin sayarwa wanda bai yi gumi a kansa ba, ba ya rasa dalili. Tifa ta biyu ta zo ne saboda kwanon rufin babban gida yana yoyo, kuma gara a gyara kafin damina, damina da sauranta watanni. Ta uku ta zo saboda injin keken Dantong. Wannan ita ce ta fi yi wa Firisila ciwo, domin a nan ta gane an saye bakin mijinta, kuma da araha.

Ranar ya dawo gida keke yana gurnani kamar sabo, ya shigo da ledar burodi da tsire, yana murmushi.

"Maman Magada, ki kwantar da hankalinki. Yanzu keke ya tashi, ni zan riƙe gida. Ai ke ma kin amfana."

"Ka ga inda suka kwasa yau?"

"Ban je ba."

"Tsakiyar karas. Bai ma nuna ba."

"To ai… Da ya ce sun ce ƙasar wajen ta fi kyau."

Ta fi kyau mana, nan ta fara zuba toka. Da safiyar ranar ta durƙusa tana tsintar 'yan ƙananan karas da shebur ya watsar, ko kaurin ɗan yatsa ba su kai ba. Ta cika daro da su, ba don za su sayu ba, sai don ba ta iya barin su a yashe. Tsiren kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, Dantong ya cinye abinsa.

Ta je wurin Ngo. Tsohuwa tana shan hantsi a kan tabarma, ta kamo hannun surukarta ta juya shi, ta daɗe tana kallon tabon yanka da kaushin da ke tafin.

"Dā ina jin hannun nan ne kawai. Yanzu na gan shi."

"Ngo, ki yi wa Da magana. Ke kika haife shi."

"Na yi, 'yata. Ya ce da ƙasar aka buɗe mini ido, ban da bakin magana." Ta saki hannun. "Ina budurwa na yi dakon ƙasar kuza a filin nan, da kwano a ka, daga safe har yamma. Ubana ke karɓar lada. Da na yi aure, mijina ke karɓa. Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Ki yi haƙuri."

Firisila ta so ta ce haƙurin nan ne ya kawo su inda suke, amma ta dubi idon da aka buɗe, ta tashi ta fita.

Saura wuri ɗaya. Akwai wata ƙungiya mai tallafa wa mata da ta gano lambun a shekarun baya. Su suka ba ta injin ban ruwa da tiyo, ta huta da jan ruwa da bokiti. Sun ɗauke ta hoto rungume da kabeji, sun sha kwaso mata a bas su zo su ga yadda ake raya matacciyar ƙasa da shara, ana ta tafi, ana cewa wannan shi ne ci gaba mai ɗorewa. Firisila ta sa zaninta na zuwa coci ta nufi ofishinsu a cikin gari.

Hotonta ne ya tarbe ta a bango, ya fi ta tsawo, yana dariya. A ƙarƙashinsa Madam Anene take zaune, jami'ar da ke kula da manoma mata. Ta saurari labarin duka, kuma ba za a yi mata ƙarya ba, ranta ya ɓaci, har ta cire tabarau ta goge ido.

"Kai, wannan mugunta ne. Wickedness! Mama Firisila, filin na wa ne?"

"Na gidan mijina ne. Amma ƙasar ni na yi ta. Kun gani da idonku."

"Na sani, na sani. Amma kin ga, mu ba ma shiga maganar gida. In muka shiga, gobe maza za su hana matansu zuwa wurinmu, duka aikin ya lalace. Ki samu fasto ko mai unguwa."

"Mai unguwa abokin Da ne. Fasto kuwa shi ya tafa masa."

Madam Anene ta yi ajiyar zuciya, ta gyara zama, ta dubi tebur maimakon fuskar Firisila. "Akwai kuma maganar inji. Masu ba mu tallafi suna zuwa dubawa. In suka ga babu lambu, dole mu ba wata. Ba ni na ce ba, tsari ne. Amma ki tuna mun koya muku noman buhu? Ko a bayan ɗaki za ki iya. Ki gwada, kar ki karaya. Ke jaruma ce."

Haka jaruma ta fito, ta wuce ta ƙarƙashin hotonta.

Da za ta koma lambu, bas ya sauke ta a Rayfield ta ƙarasa da ƙafa, ta layin manyan gidajen nan masu dogayen itatuwa. A wani sabon gida ƙofa tana buɗe, an shimfiɗa ciyawa kore shar daga bakin ƙofa har baranda, wani ƙarfe yana juyawa yana fesa mata ruwa. Ba ciyawar ce ta tsayar da ita ba, ƙamshin ne. Ta san ƙamshin ƙasarta idan ta sha ruwa kamar yadda ta san ƙamshin kan 'yarta. Ta tsaya tana kallon abin da ya ciyar da gida guda yana ciyar da ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba.

"Madam, lafiya? Wa kike nema?" in ji mai gadi.

"Ba kowa," ta ce, ta wuce.

Maganar buhun ta zauna mata a rai. Tunda kwashewa ake yi, me zai hana ta tsira da ko kaɗan ne? Ta fara ɗebo ƙasar a tsofaffin buhunan taki, yau ɗaya, gobe biyu, tana kawowa Tudun Wada tana jerawa a bayan ɗakin girki. Ta dasa tattasai da alayyafo da 'yan kabeji. Suka kama, suka miƙe. A ɗan lungun nan ne kaɗai take samun numfashi. Har ta fara tunanin in buhunan suka yi yawa, ko ba komai miya ba za ta gagara ba.

Wata Lahadi bayan an taso coci aka ce Da yana kira. Ta tarar an jera kujeru a tsakar gida, mazan gidan sun zauna, matan suna tsaye daga bakin ƙofofi. Ita aka nuna wa tsakiya.

"Matarmu," in ji Da Mwadkon, "ban so maganar nan ta kai haka ba. Mutumin da ke sayen ƙasa ya kira ni. Yaransa sun ce ana ɗiba a ɓoye. Na rantse masa gidanmu babu ɓarawo. Sai aka ce in leƙa bayan kicin."

"Ƙasata ce, Da."

"Ta mutum ce. Ya saye ta duka, har wadda ba a kwashe ba. Mun gama magana tun kafin Kirsimeti, saboda auren Badung."

Badung ɗansa ne na fari. Sai a lokacin Firisila ta ji cewa lambun da take shayarwa kullum an daɗe da sayar da shi a ƙarƙashin ƙafarta.

"Duka?"

"Duka. Saboda haka abin da kika ɗebo, sunansa sata. Ba don ke matarmu ba ce, da maganar ta tafi wurin 'yan sanda."

A nan abin da ta daɗe tana dannewa ya ɓalle. Ba ta san lokacin da ta miƙa hannayenta gaba ba.

"Sata? Ni? Ku duba hannuna! Wa ya taɓa ɗaukar mini buhu ɗaya a cikinku? Lokacin da nake tonon bola, yaranku suna toshe hanci in na wuce, matanku suna ce mini mahaukaciyar shara. Kun ce in je in shuka shinkafa, kuna dariya! Wane tuwo aka ci a gidan nan da ba miyar lambuna? Filin naku ne, na yarda, ku riƙe farar tsakuwarku. Amma baƙar ƙasar nan, a kaina ta zo. Ta yaya mutum zai saci abin da ya ɗauko a kansa?"

Matan da ke bakin ƙofa suka sunkuyar da kai, wata ta share ido da bakin gyale, amma babu wadda ta matso. Ngo tana daga ɗaki, ta juya fuska ga bango.

Da Mwadkon bai ɗaga murya ba. Irinsu ba sa buƙata.

"Kin gama? To. Kaza in ta yi ƙwai a gidana, ba ta ɗauka ta tafi da shi. Ba wanda ya ce ba ki yi wahala ba, mun gode, Allah ya saka. Amma gida yana da tsari. Waɗannan ƙungiyoyin su suka sa muku wannan girman kai." Ya juya ga ƙaninsa. "Dantong, matarka ta yi mini rashin kunya a gaban yara, na yafe. Kwashe buhunan nan a kekenka ka mayar inda aka ɗebo."

Firisila ta dubi mijinta. Ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai ta yi. Da a ce Dantong ya ce a'a sau ɗaya, da ta yafe masa duk na baya. Dantong ya tashi a hankali, ya bi ta gefenta bai bari sun haɗa ido ba. Ta ji shi a bayan ɗakin girki yana tuge tattasan yana jefarwa, don buhu ya ɗauru. Ya yi ta sawu yana lodawa, sabon injin yana ja ba gardama. Bai taɓa ɗaukar mata ƙasa zuwa lambu ba sai ranar.

Daga nan abin bai ɗauki lokaci ba. Tifa ta riƙa zuwa a jere har ta share filin tas, daga shinge zuwa bakin ruwa. Bikin Badung ya yi kyau, an yanka saniya, an kawo masu kiɗa. Bayan biki ƙungiya ta turo mota ta ɗauke injin da tiyo. Madam Anene ba ta zo da kanta ba, ta dai aiko da gaisuwa.

Firisila ta zauna a gida. Ta rantse ba za ta sake taka filin nan ba, ko da za a yanka ta. Ta nemi wani wurin haya a bakin ruwa, amma masu kyau duk da masu su, wanda ya saura kuwa farar tsakuwa ce irin ta gida, kuma mai shi ya ce sai mijinta ya zo sun yi magana. Ta gwada sarin kayan miya ta kasa a bakin titi, ita wadda a dā dillalai suke layi a lambunta, ta tarar layin ya cika da mata irinta. Ana haka injin keke ya sake bugawa, domin tsoho ne aka yi wa fenti aka sayar wa Dantong, ya koma zaman ƙofar gida yana gogewa. Kuɗin ƙasa kuwa ya bi ruwa, ba wanda zai iya nuna inda ya shiga in ban da kwanon rufi da hotunan biki.

Miya ta tsinke a gidan. Matar Da ta fara aiko yara su tambaya ko akwai ɗan ganye, saboda sabo, sai su koma da kwano wayam. Aka fara ƙunƙuni cewa Firisila ta cika riƙo, mace ta zauna ta naɗe hannu tana kallon gida yana yunwa. Duk wannan bai motsa ta ba. Abin da ya motsa ta shi ne safiyar da ta ga Magadaliya ta sha ruwan zafi zalla, ta ɗaure ɗamarar kayan makaranta ta ƙara matse ta, ta ce, "Mama, na ƙoshi," ta fita.

Rantsuwa ba ta cika ciki. Ta ɗauki rariya da buhu ta koma bola.

Ga duk mai son ya san yadda ake cinye mace ba tare da an taɓa lafiyarta ba, ga shi nan. Ba a dake ta ba, ba a kore ta ba, ba a hana ta sana'a ba. An ma yaba mata. An bar mata filin, an bar mata hannayenta, an bar mata yunwar 'yarta, kuma an san waɗannan ukun sun isa su mayar da ita bakin aiki ba sai an tura ta ba.

Hantsi ya ɗaga lokacin da ta isa filin da buhun farko a ka. Wurin ya yi fari har yana kashe ido, babu alamar an taɓa cin wani abu daga cikinsa. Ta sauke buhun a kusa da ruwa, ta kwance, ta zazzage. Tokar ta yi ɗan tudu ƙarami, abin tausayi a tsakiyar wannan fili. Ta durƙusa tana bazawa da hannu.

Ba ta ji tahowarsu ba sai da inuwa ta rufe ta. Da Mwadkon ne, da jaridarsa a hammata, Dantong yana biye da shi a baya.

"Ka gani?" in ji Da, fuskarsa cike da fara'a. "Na gaya maka za ta dawo. Matarmu ba raguwa ba ce. Sannu da aiki, matarmu! Allah ya yi miki albarka."

Ba ta ɗago ba.

Ya zagaya ɗan tudun tokar, ya taɓa shi da bakin takalmi, kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Dama ina so in tambaye ki. Mutumin nan ya sake kira na. An ba shi aikin wasu sababbin gidaje da za a gina, masu yawa, kuma ya ce ƙasarmu kawai yake so. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mai yi tana nan. Wancan karon kin daɗe saboda ke kaɗai ce, kuma kina koyo. Yanzu kin ƙware. Ga Magadaliya ta girma, ta riƙa taya ki dako, ba kullum sai makaranta ba. Ko ba haka ba, Dantong?"

"Haka ne, Da," in ji Dantong, yana kallon ruwa.

"Yawwa. To matarmu, a ganinki shekara nawa za ta ɗauka ta sake yin baƙi? Don in san abin da zan gaya masa."

Firisila ta ɗago kai, ta buɗe baki. Iska ta taso daga kan ruwa ta kwashi tokar ta watsa mata a fuska, ta shige mata maƙogwaro. Tari ya sarƙe ta, ta dafa ƙasa da hannu biyu tana yi, hawaye suna wanke mata toka a kumatu.

Da Mwadkon ya ja da baya kaɗan don kar ta ɓata masa wando. Ya jira cikin haƙuri har tarin ya lafa, sannan ya sunkuyo.

"Sannu. Shekara nawa kika ce?"